Wayar da ke kan cinyar direba

A wata tafiya da na yi daga Kano zuwa Zariya, na samu gidan gaba a wata Sharon ta haya, mu biyu a matse kusa da direba kamar yadda aka saba. Tun kafin mu wuce Kura na lura hannunsa na dama ba ya zama a kan sitiyari. Wayarsa tana kan cinyarsa, fuskarta a sama. Duk sanda ta yi haske sai ya sunkuyar da kai, babban yatsansa ya ɗan yi rubutu, ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Wani ne ke jiran saƙon da aka ba direban a tasha, yana ta tambayar ina aka kai. Allurar gudu kuwa tana wajen 110. Da muka tunkari Kwanar Dangora, wata tirela da ke gabanmu ta rage gudu, shi kuma kansa yana ƙasa. Wani dattijo ne daga baya ya daka tsawa, "Direba, gabanka!" Ya take birki, motar ta yi ƙara, ta karkata gefe, ƙura ta turnuƙe mu, ƙaurin taya ya cika motar. Tsakaninmu da ƙarfen bayan tirelar bai kai tsawon tabarma ba.

Da kowa ya gama salati, dattijon ya ce, "Ɗan nan, don girman Allah ka ajiye wayar nan. Rayuka ka ɗauko." Direban ya amsa cikin ladabi: "Baba, ku yi haƙuri. Shekara goma sha biyar ina bin hanyar nan, ko idona a rufe na san ta."

Na yarda ya san hanyar, kuma na yarda ya iya tuƙi, don mai ƙaramin hannu da bai tsayar da motar ba. Amma sanin hanya ba ya gaya wa mutum lokacin da tirelar gabansa za ta rage gudu. Lissafin abin mai sauƙi ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In direba ya kawar da ido na daƙiƙa biyar, ya shafe kusan mita 140 bai ga komai ba, wato ya wuce tsawon filin ƙwallo. Ko a cikin gari, a gudun kilomita 60, daƙiƙa biyu kacal sun isa mota ta ci mita 33. A wannan tazarar ne ɗan makaranta ke tsallaka titi, ɗan sahu ke tsayawa ba sigina, akuya ke faɗowa kan kwalta.

Daƙiƙa biyar ɗin nan ba ƙiyasi na yi da ka ba. A 2009, cibiyar binciken sufuri ta jami'ar Virginia Tech da ke Amurka ta fitar da sakamakon wani aiki da aka yi da kyamarori a cikin manyan motoci, inda aka ɗauki direbobi kimanin 200 suna aikinsu na yau da kullum. An gano cewa direban da ke rubuta saƙo yakan kawar da idonsa daga titi na tsawon daƙiƙa 4.6 cikin kowace daƙiƙa shida, kuma yiwuwar ya yi haɗari ko ya sha da ƙyar ta ninka har sau 23. Babu wani abu da direbobin suka yi a cikin motar da ya kai wannan muni. Dalili kuwa a fili yake. Cin gyaɗa yana ɗauke hannu. Kallon allon talla yana ɗauke ido. Tunanin bashi yana ɗauke hankali. Rubuta saƙo shi yakan kwashe duka ukun a lokaci guda.

Ɓangaren hankalin nan shi ne mutane suka fi raina wa, shi ne kuma ya fi wuyar ganewa. Tun a 1997 wasu masu bincike biyu a birnin Toronto na Kanada suka bi bayanan wayar direbobi 699 da suka yi haɗari, suka duba ko suna waya a mintunan da abin ya faru. Suka samu cewa yin waya yana ninka haɗari kusan sau huɗu, kuma ba su ga wani sauƙi ba ga waɗanda ke magana ba tare da riƙe wayar a hannu ba. A 2006, David Strayer da abokan aikinsa a jami'ar Utah suka gwada mutane a na'urar kwaikwayon tuƙi, suka ga mai waya yana tafka kurakurai daidai da wanda ya sha giya ya kai iyakar da dokar Amurka ta haramta tuƙi da ita. Wani binciken na 2015, wanda gidauniyar AAA, ta ƙungiyar masu motoci ta Amurka, ta ɗauki nauyinsa, ya nuna cewa bayan mutum ya gama ba waya ko mota umarni da murya, hankalinsa na iya ɗaukar har daƙiƙa 27 kafin ya dawo kan tuƙi sosai. Wannan ya shafi duk mai cewa shi a danja kawai yake duba waya. Danja ta ba da hannu, ya ajiye wayar, ya ja mota, amma kansa yana can cikin maganar da ya karanta. Bahaushe ya riga ya faɗa, taura biyu ba ta taunuwa.

Da hujjoji irin waɗannan suka taru, sai gwamnatoci suka koma ga abin da suka fi iyawa, wato kafa doka. A Amurka, jihar New York ce ta fara hana riƙe waya ana tuƙi a 2001. Jihar Washington ta zama ta farko da ta yi dokar hana rubuta saƙo a 2007. A watan Satumba na 2008 wani jirgin ƙasa na fasinja ya yi taho-mu-gama da na kaya a Chatsworth da ke California, mutum 25 suka mutu, bincike kuma ya tabbatar matuƙin yana musayar saƙonni ne har ya wuce jar fitila. Wannan ya ƙara zaburar da 'yan majalisa. A 2009 Shugaba Barack Obama ya hana ma'aikatan gwamnatin tarayya rubuta saƙo suna tuƙin motar aiki, jihohi kuma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, har ya zuwa 2024 Montana ce kaɗai ta rage ba ta da dokar da ta shafi kowane direba.

Sai dai a 2010 aka samu wani sakamako da ya kamata duk mai son kafa irin wannan doka ya tsaya ya yi nazarinsa. Wata cibiya da ke tattara bayanan kamfanonin inshora a Amurka, HLDI, ta duba jihohi huɗu da suka hana rubuta saƙo, wato California da Louisiana da Minnesota da Washington, ta kwatanta yawan masu neman diyyar haɗari kafin dokar da bayanta. Haɗurran ba su ragu ba a ko ɗaya. A uku daga ciki ma ƙaruwa suka ɗan yi. Bayanin da masu binciken suka kawo shi ne, wataƙila direbobi ba su daina ba, wuri kawai suka sauya wa wayar. Da can mutum yana ɗaga ta saitin sitiyari, yana rubutu yana ganin titi ta gefen ido. Da doka ta zo, sai ya sauke ta kan cinya don kada ɗan sanda ya hango, idonsa ya ƙara nisa da gilashin gaba, kuma ya ƙara daɗewa a ƙasa. An yi ta gardama kan wannan bincike, wasu nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun samu raguwar mace-mace a jihohin da ɗan sanda ke da ikon tsayar da mota kan wannan laifin kaɗai. Amma ni da na zauna kusa da direban nan na ga wayar a kan cinyarsa, ba ni da wahalar gaskata bayanin. Ya san akwai jami'ai a hanya, shi ya sa bai kai ta kunne ba.

Akwai kuma matsala a yadda aka rubuta dokokin tun farko. In an ce rubuta saƙo ne haramun, to ɗan sandan da ya ga waya a hannun direba ta yaya zai tabbatar saƙo yake rubutawa? Mutumin zai ce lamba yake nema, ko taswira yake dubawa, ko waƙa yake canzawa. Birtaniya ta ɗanɗana wannan. Ta hana riƙe waya ana tuƙi tun Disamba 2003, amma kalmomin dokar sun ta'allaƙa ne ga amfani da waya don sadarwa. A 2019 babbar kotu ta tabbatar da soke hukuncin wani mutum da aka kama yana ɗaukar bidiyon wani haɗari da wayarsa yana tuƙi, saboda ɗaukar bidiyo ba sadarwa ba ce. Sai a ranar 25 ga Maris 2022 aka toshe wannan ƙofa, aka ce amfani da wayar a hannu laifi ne, ko da ba don sadarwa ba. Alhali tun a watan Agusta na 2016 ƙasar ta ga misali mai ɗaga hankali a kan babbar hanyar A34, inda wani direban tirela ya afka wa jerin motocin da suka tsaya, ya kashe wata uwa da yara uku. Kyamarar cikin motarsa ta nuna waƙa yake zaɓa a wayarsa. Kimanin awa guda kafin nan ya sa hannu a takardar kamfaninsa cewa ba zai taɓa waya yana tuƙi ba. An ɗaure shi shekara 10, a watan Maris na 2017 kuma aka ninka hukuncin laifin zuwa fam 200 da makin laifi shida a lasisi, wanda ya isa ya ƙwace lasisin duk wanda bai cika shekara biyu da samunsa ba. A Amurka ma yanzu fiye da rabin jihohi sun koma ga hana riƙe wayar gaba ɗaya, don sun ga shi ne abin da ido zai iya shaida.

Ko an gyara kalmomin, doka ba ta aiki sai direba ya sakankance cewa za a gan shi. Tsananin hukunci bai kai wannan tasiri ba. A 2010 zuwa 2011 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta yi gwaji a biranen Hartford da Syracuse: aka baza 'yan sanda musamman don wannan laifi, aka cika rediyo da talabijin da sanarwar cewa ana kamu. Riƙe waya ya ragu da kashi 57 cikin ɗari a Hartford, da kashi 32 a Syracuse. 'Yan sandan Ingila sun ɓullo da wata dabara tun 2015: sukan shiga kan tirela marar alama su bi babbar hanya, don daga can sama ana hango cinyar kowane direba. Jihar New South Wales ta Ostireliya ta wuce nan. A Disamba 2019 ta kafa kyamarori masu leƙa cikin mota ta gilashin gaba, dare da rana, kwamfuta ta tace hotunan, mutum ya tabbatar, takardar tara ta iske mai mota a gida. A lokacin gwaji, direba ɗaya cikin 82 aka samu da waya. Bayan 'yan shekaru adadin ya koma kusan ɗaya cikin 500.

Wani abu da ya faru a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya daɗe yana yi mini yawo a rai. A watan Oktoba na 2011 sabis ɗin BlackBerry ya ɗauke na kwana uku, a lokacin da ita ce wayar yayi a can. 'Yan sandan Abu Dhabi suka ce haɗurra sun ragu da kashi 40 cikin ɗari a kwanakin, na Dubai suka ce kashi 20. Kwana uku ba su isa a gina hukunci a kansu ba, amma abin lura ne. Saƙonnin ne kawai suka daina shigowa.

Alƙaluman mace-mace kuwa, a riƙa ɗaukarsu a matsayin mafi ƙaranci. Amurka ta ƙirga mutum 3,308 da suka mutu a 2022 a haɗurran da aka danganta da shagalar direba. Amma mai maye ana iya auna jininsa, mai gudu ana iya auna sawun tayarsa, shi kuwa mai latsa waya ba ya barin shaida a kan kwalta. Wanda ya tsira ba zai faɗa ba, wanda ya mutu ba ya magana. A takarda sai a rubuta motar ta ƙwace masa, ko gudun wuce sa'a ne. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran hanya suna kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara.

A Najeriya dokar tana nan, kuma amfani da waya ana tuƙi ta hana, ba ta tsaya ga saƙo kaɗai ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke aiwatar da ita, tarar da aka daɗe ana yankewa kuma naira 4,000 ce. A 2017 hukumar ta ƙara da tura masu wannan laifi gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa. Jihohi ma suna da nasu jami'an, irin su KAROTA a Kano. Naira 4,000 ba ta sayen wani fetur mai yawa, amma ƙanƙantar tarar ba ita ta fi damuna ba. Yadda ake kamun ne. Jami'in da ke tsaye a bakin titi wanda ya kara waya a kunne yake gani. Duk direban da ke bin hanya kullum ya san inda shingen yake, abokan aikinsa ma suna ba shi fitila tun daga nesa. Sai ya sauke wayar na minti ɗaya, ya wuce, ya ci gaba. Wato tsarin namu yana kama mai kira, yana kuma koya wa mai rubutu ya ƙara ɓoyewa, alhali mai rubutun ne ya fi hatsari.

Adalci kuma shi ne a tambayi dalilin da ya sa wayar ba ta barin hannun direban haya. Yawancinsu ba hira suke yi ba. Wayar ce ofishinsu. Mai mota yana kira ya ji ina aka kwana kan balas, kamasho yana kira ya ce akwai lodi, mai saƙo yana son a tsaya masa a wata kwana. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, fasinjoji da yawa da tiransifa suke biya, don haka ɗan sahu yakan ja babur da hannu ɗaya yana duba ko alat ya shigo kafin fasinjan ya ɓace. Direban Bolt ko Uber kuwa, aikin ma ta allon wayar yake zuwa, in ya yi jinkirin amsawa wani ya ɗauke. Mutumin da abincinsa ke shigowa ta waya ba zai ajiye ta don an rubuta a allo cewa haramun ne ba. Sai an rage masa dalilin ɗaukarta: ya zama ƙa'ida a tasha cewa lambar yaron mota ko ta ofishin ƙungiya ake ba masu saƙo, a gama biyan kuɗi mota na tsaye, mai mota ya san cewa kiran da yake yi wa direbansa a tsakiyar hanya motarsa yake jefawa cikin hatsari. Ƙungiyoyin direbobi suna iya hana mutum lodi kan ya tsallake layi, to suna da ƙarfin da za su hana shi lodi kan fasinjoji sun kawo ƙarar waya.

Masu motocin gida ba su da ko wannan uzurin, kuma a cikin gari su ne suka fi yawa. Ka tsaya a kowane shataletale a Kano ko Abuja da yamma, ka ƙirga fuskokin da hasken allo ya haska. WhatsApp ne, ko saƙon murya da ake danna wa yatsa ana magana, ko bidiyon da ake ɗauka don a ɗora a TikTok.

Akan ce ai hira da fasinja ma shagala ce, me ya sa ba a hana ta ba? Bambancin shi ne fasinja yana ganin titin da direba ke gani. In tirela ta taso yakan yi shiru, ko ya yi ihu kamar dattijon nan. Wanda ke ɗaya gefen waya ba ya ganin komai, zai ci gaba da zuba, kuma kunya tana hana direba katse shi. A nan ne nake ganin al'adarmu tana da hannu. Ƙin ɗaga wayar babba raini ne a wurinmu. In Alhaji ya kira yaronsa sau biyu bai ɗauka ba, akwai bayanin da zai yi. In miji ya ga saƙon matarsa ya yi shiru, ko ita ta ga nasa, magana ce. Na'urar kunne tana barin ido da hannu a wurinsu, amma binciken Toronto da na Utah sun nuna ba ta kawar da ɓarnar. Wayoyin zamani kuma suna da tsarin da ke toshe sanarwa in mota na tafiya, iPhone ta saka shi tun 2017, sai dai mai wayar ne zai kunna da kansa. Abin da ya fi sauƙi yana hannun mai kira: in ka ji ƙarar iska da inji, ka tambaya, "Kana tuƙi ne?" In ya ce e, ka ce in ya tsaya ya kira, ka kashe. Babba ne ya fi dacewa ya fara, don yaro ba zai iya ba.

Sai maganar ƙaddara, wadda ke rufe bakin kowa bayan an yi rashi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, kuma mun yi imani da hakan. Amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Wanda ya sunkuyar da kai yana gudun 110 da mutane a bayansa ya yi sakaci da amanar rai, kuma ta'aziyya ba ta goge wannan.

Abin da ya fi ci mini rai a tafiyar nan shi ne ni ne mafi kusa da direban, na ga wayar tun daga Kura, kuma na yi shiru har tsawon kilomita masu yawa. Ina gudun a ce na cika iyayi, ko ya ce in sauka in ba na so. Na tabbata sauran ma sun gani. Bayan maganar dattijon, da muka koma kan titi, wayar ta sake haske. Na ce masa, "Malam direba, kawo in riƙa amsa maka." Ya ɗan yi jim, sannan ya miƙo mini. Daga nan har muka shiga Zariya saƙo bakwai suka shigo da kira uku. Na gaya wa mai saƙon ya jira mu a Kwangila, na gaya wa wani da aka ajiye lambarsa da sunan Oga cewa muna hanya, direba zai kira in ya tsaya. Ya ce to, Allah ya kawo ku lafiya.